Kifin Jidda mai kan weji: shak ne ko dangin kunamar ruwa, kuma ta ina ake gane shi?

Ɗalibin Teku

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda zai warware mini siffar wani kifi na Bahar Maliya, wanda masana ke kira Rhynchobatus djiddensis. Hoton da ke hannuna daga sama aka ɗauke shi, kifin yana kwance a kan siminti. Daga kafaɗa zuwa jela shak ne sak: jiki mai kauri, dogayen fukafukai biyu a gadon baya, jela mai reshe biyu. Amma kan a baje yake, mai kusurwa uku kamar dutsen guga, hanci ya yi tsini. Launinsa toka-toka ne da fararen ɗige-ɗige.

Me ya sa ba a lissafa shi cikin shak alhali kamarsu ɗaya? Ta yaya ake raba shi da kifin jita, mai siffar abin kiɗan nan jita, da sauran 'yan'uwansa? Kuma idan mutum ya same shi a gabansa a wurin sauke kifi, me ya kamata ya duba, me zai auna, ina zai ɗauka a hoto? Allah Ya saka da alheri.

Malam Na-Bakin-Ruwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hoton sama shi ya ruɗe ka, kuma shi yake ruɗar kowa. Amsar tambayarka ta farko tana ƙasan kifin.

Juya shi rigingine ka duba bayan baki kaɗan. Za ka ga tsagogi biyar a dama, biyar a hagu, a jere kamar an ja su da aska. Ta nan ruwan numfashi yake fita. A jikin shak waɗannan tsagogi a gefen wuya suke, kana ganinsu ba sai ka juya shi ba. Wanda tsagoginsa suka koma ƙasa dangin kunamar ruwa ne, wadda masuntan Binuwai suka sani, komai kamarsa da shak. Sai ka duba fiffiken kafaɗa. Na shak rataye yake daban, akwai wuya tsakaninsa da kai. Na wannan ya manne da gefen kai, ba inda za ka ɗora yatsa ka ce nan kai ya ƙare, nan fiffike ya fara. Wannan haɗuwa ita ta ba shi siffar weji, irin wanda 'yan mota ke cusawa ƙarƙashin taya, kuma abin da sunansa na Turanci, wedgefish, yake nufi ke nan. Ƙari a kan haka, yawancin shak suna da ɗan fiffike guda a ƙasa, tsakanin dubura da jela. Kifin weji ba shi da shi sam.

Inda ya rabu da kunamar ruwa kuma, ba shi da ƙari a jela, ba dafi, kuma ba ya iyo da kaɗa fukafukan kafaɗa. Da jela yake tura ruwa, dama da hagu, shi ya sa bayan jikinsa ya cika da tsoka haka.

Bari mu bi kan daki-daki, domin a nan abin kallon yake. Idanu a sama suke, sun ɗan taso. Ba shi da fatar ido mai rufewa. Abin da yake yi in wani abu ya nufo idon shi ne ya janye ƙwayar gaba ɗaya zuwa cikin kai. Masu bincike a Okinawa ta Japan sun auna wannan a jikin wani babban kifin weji na gidan Rhynchobatus, suka tarar idon yana nutsewa kusan santimita 4, wato kusan faɗin ƙwayar idon kanta. Kifin da yake tono a cikin yashi, abincinsa kuma mai ƙaho da ƙaya ne, dole ya sami irin wannan kariya.

Daf da bayan kowane ido akwai wata babbar kafa. Mutane da yawa suna ɗaukarta kunne, wasu ma ido na biyu. Mashigar ruwan numfashi ce. Kifin da ke kwance baki a kan yashi, in ya ja ruwa ta baki ƙasa zai sha, don haka ta saman nan yake zuƙa, ruwan ya bi ta matatar numfashi ya fita ta tsagogin ƙasa. Ka leƙa bakin kafar ta baya da kyau: akwai 'yan tsiron fata guda biyu a nan. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani wajen rarrabewa. A saman idanu, da gefen kafofin, da kan kafaɗu, da layin tsakiyar baya akwai ƙananan ƙayoyi a jere. Ba su da girma, da shafa aka fi jinsu.

Hancin nan mai tsini ba tsoka ba ce zalla. Akwai sandar guringuntsi da ta fito daga ƙoƙon kai ta bi tsakiyarsa har ƙarshe, gefenta biyu kuma nama ne mai laushi. In ka juya ƙasan hancin za ka ga ƙananan huji bila adadin kamar an tsattsaga da allura, in ka matsa wani ruwa mai yauƙi ya fito. Da su yake jin 'yar wutar lantarkin da ke fita daga jikin duk abu mai rai, ko da ya binne kansa a yashi. Idonsa yana sama, abincinsa yana ƙasa, ba ya ganin abin da yake ci, da wannan da ƙamshi yake farauta. Kafofin hancin suna ƙasa gaban baki, dogaye, a karkace, kuma aikinsu shaƙar ƙamshi kaɗai, ba ruwansu da numfashi.

Bakin ba shi da haƙoran yanka ko ɗaya. Haƙoran ƙanana ne, dasassu, a jere layi-layi kamar daɓen tsakuwa, sababbi suna turowa daga ciki suna maye waɗanda suka cinye. Muƙamuƙin ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya wanda yake shiga cikin kwarin na sama. Injin niƙa ne: ƙaguwa, jatan lande, makankari da ƙananan kifayen ƙasa. Duk da haka kada wanda ya cusa hannu a bakinsa. A 2017 an buga wani bincike da aka yi wa muƙamuƙin wani Rhynchobatus hoton ciki, aka tarar da karyayyun ƙarin kunamar teku a cake cikin guringuntsin, har jiki ya rufe wasu. Ashe yana cin 'yan'uwansa masu dafi, kuma yana yawo da makamansu a baki.

Girmansa yakan kai mita 3.1, nauyi kilo 227. Wannan iyaka ce, ba abin da za ka riƙa gani kullum ba.

Malama Mai Duba Kifi

Malam ya gama da tambaya ta farko. Zan ɗauki ta biyu, kuma ina so in fara da jan kunne: kada ka fara da launi. Launi shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa, domin yana sauyawa da shekaru, yana dushewa bayan mutuwa, kuma rana da ƙanƙara suna ɓata shi cikin 'yan sa'o'i. Tsarin jiki ba ya sauyawa. Da shi ake fara raba dangi da dangi, sannan a koma ga ɗige-ɗige don raba 'yan gida ɗaya.

A Bahar Maliya wanda aka fi cakuɗa shi da shi shi ne kifin jita mai suna Glaucostegus halavi. Wurare uku suke raba su, kuma duk ana ganinsu a hoton sama. Ka ja layi da ido daga fiffiken baya na farko ka sauka ƙasa. A kifin weji layin zai faɗa kan fukafukan mara, saitinsu yake tsaye. A kifin jita fiffiken ya ja da baya sosai, sai ka wuce fukafukan mara gaba ɗaya kafin ka iso shi, kamar an tura duka biyun can wajen jela. Sannan jelar: ta kifin weji tana da reshen sama da reshen ƙasa a fili, bakinta ya lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ta kifin jita ba ta da reshen ƙasa na kirki. Na uku, a kifin weji akwai rata tsakanin ƙarshen fiffiken kafaɗa da farkon na mara, jiki ya fito sarai a tsakaninsu, amma a kifin jita suna taɓa juna ko ma ɗaya ya hau ɗaya. Fukafukan bayan kifin weji kuma sun fi tsawo, sun lanƙwasa baya kamar lauje. Halavi ba shi da fararen ɗige-ɗige, ruwan ƙasa ne mai ɗan rawaya, gefen hancinsa fari-fari kamar haske zai ratsa.

Akwai kuma Rhina ancylostoma, ɗan gidansu ne na jini, amma ba ya wahalar ganewa. Kansa zagaye yake kamar baka, ba tsini, yana da tudun manyan ƙayoyi a kan idanu da kafaɗu, kuma kafar bayan idonsa ba ta da tsiron fatar nan biyu da Malam ya ambata.

To yanzu launi. Ɗan ƙaramin djiddensis ya fi sauƙin karantawa. Samansa toka ne zuwa ruwan ƙasa mai ɗan kore, ƙasansa fari. Tsakanin idanu akwai baƙaƙen zane a gicciye, kamar an yi masa tsaga a goshi, kuma wannan ita ce alamarsa mafi ƙarfi. A kan kowane fiffiken kafaɗa akwai baƙin tabo guda zagaye, fararen ɗige huɗu ko fiye sun kewaye shi. Fararen ɗigen jiki suna da yawa, suna tafiya layi-layi a gefe har su doshi jela. Da ya girma sai baƙin tabon ya dushe, ya zama inuwa ko zobe mai duhu, ko ya ɓace, wasu ɗigen kuma su koma kamar zobba.

Wanda ke shiga masa hanci shi ne Rhynchobatus australiae, domin suna haɗuwa a yammacin Tekun Indiya. Hancin australiae yana ɗan tsukewa kafin ƙarshe kamar wuyan kwalba. A saman baƙin tabon kafaɗarsa fararen ɗige uku ne a miƙe kan layi ɗaya, galibi da wasu biyu a ƙasa. Ɗigen jikinsa kaɗan ne, ba sa bazuwa zuwa jela, kuma manyansa sukan yi duhu har su kusa zama baƙi wuluk, ba a ganin komai. Na uku shi ne Rhynchobatus laevis na wajen Tekun Fasha da gaɓar Indiya, wanda ƙasan hancinsa yakan yi baƙin tabo. Shi ya sa hoton ƙasan kai ba a barinsa.

Abu guda da zai cece ka daga ruɗani wajen karatu. Sunan djiddensis daga Jidda ya fito. Peter Forsskål, ɗalibin masanin halittu Linnaeus, ya kwatanta kifin lokacin da ayarin binciken da Denmak ta aika ƙasar Larabawa ya sauka Jidda a 1762. Ya rasu a Yaman a 1763, abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ya buga rubutunsa a 1775. Shi ne kuma ya kwatanta halavi. Daga nan, shekaru aru-aru, kusan duk kifin weji mai fararen ɗige da aka kama daga Afirka har Ostireliya sai a laƙaba masa wannan suna. Yanzu an gane gida ne mai 'ya'ya da yawa, shi djiddensis na ainihi kuma mazauninsa Bahar Maliya ne da yammacin Tekun Indiya, ya gangara gaɓar gabashin Afirka har Afirka ta Kudu. Duk tsohon rubutu daga Indonesiya ko Japan ko Ostireliya da ka ga wannan suna a kai, ka ɗauka wani ɗan'uwansa ake nufi, kuma kada ka kwashe awon da ke ciki ka ɗora wa na Jidda.

Ɗalibin Teku

Allah Ya ƙara ilimi, Malam da Malama. Na koma kan hoton: fiffiken farko yana saitin na mara, jela mai reshe biyu, to kifin weji ne. Amma ba na ganin baƙin tabo a kafaɗa, zanen goshin ma da kyar. Shin wannan ya isa a ce ba djiddensis ba ne? Sannan idan an riga an yanke fukafukan kafin a kawo shi, sauran me?

Tsohon Masunci

Ɗana, rashin tabo ba hujja ba ce. In kifin ya wuce mita 2, ko ya daɗe a rana, tabon yakan tafi. Zuba masa ruwan teku a kai da kafaɗa, ka goge yauƙi da yashi da tafin hannu daga kai zuwa jela, ka tsaya ta yadda inuwarka za ta rufe wurin, sannan ka duba. Jiƙaƙƙiyar fata a inuwa tana fito da zanen da busasshiya ta ɓoye. In ka shafa daga jela zuwa kai za ka ji kaushi kamar samfefa, har ya ɗaye maka fata, saboda ba ɓawon kifi irin na karfasa ke jikinsa ba. Wasu mitsi-mitsin haƙora ne suka rufe shi, duk tsininsu ya kalli baya.

Ga yadda ake awo. A kwantar da shi a kan cikinsa a wuri mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe. A ja tef a ƙasa, gefensa, daga tsinin hanci zuwa tsinin reshen jela na sama, a miƙar da jelar ta bi layin jiki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora tef a kan gadon baya ya bi tudu da kwari, sai tsawon ya ƙaru da santimita da dama, kuma in kifin babba ne ƙarin ya fi yawa. A rubuta a santimita. A auna faɗi daga tsinin fiffiken kafaɗa zuwa ɗaya tsinin. A auna hanci daga tsini zuwa gaban ido.

Namiji da mace a fukafukan mara ake gane su. Namiji yana da sanduna biyu da suka fito daga gefen ciki na fukafukan, suka nufi jela. Mace ba ta da su. In sandunan gajeru ne masu laushi, ba su wuce bakin fiffike ba, yaro ne. In sun yi tsawo sun wuce, sun yi tauri ba sa lanƙwasuwa a hannu, kuma suna juyawa gaba daga gindinsu, ya balaga. Namijin wannan kifi yakan kai haka a wajen mita ɗaya da rabi. A rubuta tsawon sandar da taurinta, kada a ce namiji kawai a wuce.

In an riga an feɗe shi a gabanka, ga abin da za ka gani. Ba ƙashi ko ɗaya a jikinsa, guringuntsi ne duka, sai dai an lulluɓe shi da 'yan ƙananan fale-falen alli da ke ƙara masa ƙarfi, shi ya sa wuƙa take ƙara in ta hau muƙamuƙi. Abu na farko da zai cika maka ido hanta ce, babba, mai maiƙo. Ba shi da jakar iskar da sauran kifaye ke tashi da ita a ruwa, man hantar ne yake rage masa nauyi. Ƙarƙashinta tumbi, sannan wani gajeren hanji mai kauri. Tsaga shi a tsaye ka ga cikinsa a murɗe kamar matattakalar hasumiya. Gajere ne a ido, amma abinci yana daɗewa yana kewaya cikinsa.

Mace tana da mahaifa biyu. Ba ta yin ƙwai a waje. 'Ya'yan suna girma a cikinta, kowanne rataye da jakar gwaiduwarsa, ba mabiya, har ta haife su da rai, cikakkun kifaye masu kusan santimita 60. Wajen huɗu take haifa a ciki ɗaya. Ka kula da wannan in kana ƙirga: mace mai ciki in ta sha wahala a taru takan zubar da 'ya'yan a ruwa ko cikin kwalekwale. In ka ga mahaifa a buɗe, ta saki, da ɗa ɗaya ko biyu a ciki, kada ka rubuta cewa iyakar cikin ke nan.

Zarnin da naman yake yi kuwa ba ruɓa ba ce tun farko. Irin waɗannan kifaye suna riƙe sinadarin fitsari a jini da tsoka don gishirin teku kada ya tsotse musu ruwan jiki. Da ya mutu, in ba a zubar da jinin an sa ƙanƙara nan take ba, ƙwayoyin cuta su juya sinadarin ya koma wari mai hawa ka.

Amma ni abin da na fi so ka riƙe, ɗana, in ka same shi da rai a mayar da shi. Kifin da ke haihuwar huɗu, yana zaune a ruwa marar zurfi inda kowane taru yake bi, ba zai jure kamu ba. Hancinsa da dogayen fukafukansa su suke sarƙe shi a raga. A yanke zaren taru a kewaye da shi maimakon a fizge. In ƙugiya ce ta shige ciki, a yanke igiya kusa da baki. Kada a ɗaga shi ta jela, gaɓoɓin baya suna gocewa. Kada a zura yatsu ko ƙugiya cikin kafar bayan ido ko tsagogin numfashi. Ba shi da kejin haƙarƙari da zai tare kayan ciki, don haka babba in za a motsa shi sai mutum biyu ko uku, hannu ƙarƙashin kafaɗa da mara, ko a ja shi a kan jiƙaƙƙen buhu. Jiƙaƙƙen ƙyalle a kan idanu yana kwantar da shi, amma kada ya toshe kafofin nan biyu. Wanda ke tsaye wajen jela ya yi hattara, bugu ɗaya yana kayar da ƙato.

Ɗan Zangon Gaɓa

Baba ya yi bayani mai gamsarwa. Malama, a ba ni dama in ƙara wani abu saboda masu karatu daga Ikko, Tema, Takoradi da Duwala, kada su ɗauki alamomin na Jidda su tafi da su bakin Tekun Atilantika. Djiddensis ba ya nan ɓangaren. Namu shi ne Rhynchobatus luebberti, wanda masanin kifi Ehrenbaum ya kwatanta a 1915 cikin aikinsa kan kifayen gaɓar Kamaru. Mazauninsa daga Muritaniya ne ya gangaro Mashigin Gini har wajen Kwango, kuma shi ma yakan kai mita 3.

Ana gane shi da hannu tun kafin ido. Shafa saman hancinsa: akwai layi biyu na ƙayoyi da suka bi gefen sandar guringuntsin, dama da hagu. Na Jidda ba shi da wannan jeri. A bayan kai, kan kafaɗu, yana da baƙaƙen tabo biyu kusa da juna, fararen ɗigensa kuma sun cika jiki.

Sai dai mafi yawan abin da za a nuna maka a gaɓar nan a ce shi ne, kifin jita ne, Glaucostegus cemiculus, mai baƙin tabo a ƙasan hanci musamman yana ƙarami. Gwajin Malama na fiffiken farko da jela yana raba su nan take. Luebberti ya yi ƙaranci ƙwarai, har ya ɓace daga wurare da yawa da aka san shi a da. Saboda haka duk wanda ya ga na gaske, hotonsa da wurin da ranar suna da daraja. A Muritaniya kuma, a yankin Banc d'Arguin, akwai wani na dabam da sai a 2016 aka ba shi suna, Rhynchorhina mauritaniensis. Jikinsa na kifin weji ne amma hancin a daƙushe yake, mai faɗi, ba tsini.

Malama Mai Duba Kifi

Gaskiya ne, Malam, gara da ka raba tekunan. Saura tambayar yankakkun fukafukai.

In gangar jiki ce aka kawo ba fukafukai, gurbin yankan yana nan. Tabon fiffiken farko a saitin fukafukan mara yake ko can baya? Wannan kaɗai ya raba maka weji da jita. In kai yana nan, ka samu tsagogin numfashi, tsiron fata biyu, siffar hanci, zanen goshi. In an cire kai ma, sai fatar gefe da ɗigenta, kuma a nan ka tsaya a sunan dangi, ka rubuta Rhynchobatus kawai. Rubuta sunan da ba a tabbatar ba shi ne ya jawo cakuɗewar da ake ta warwarewa har yau.

In kuma fukafukan ne a hannunka ba jiki, uku ake cirewa: na baya biyu da jela. Su ake nema saboda zaren da ke cikinsu, wanda ake miya da shi a gabashin Asiya, kuma na wannan dangi suna cikin mafi tsada a kasuwar Hon Kon. Busasshen fiffiken bayan kifin weji dogo ne, tsayinsa ya fi faɗin gindinsa, launinsa ruwan ƙasa mai haske ko rawaya-rawaya, yana ɗan sheƙi. Ana cakuɗa shi da na shak mai kan guduma. Juya gindin ka duba inda aka yanka: a na mai kan guduma gutsattsarin guringuntsi sun jeru kusan daga farkon gindin har ƙarshe, a na kifin weji kuwa ba su cika gindin ba, sun tsaya a wani sashe. Wannan ba ilimin ado ba ne. A 2019 hukumar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa djiddensis da luebberti cikin masu fuskantar matsanancin haɗarin ƙarewa, kuma a taron CITES, yarjejeniyar cinikin halittu masu fuskantar ƙarewa, da aka yi a Janeba a watan Agustan shekarar aka shigar da dukan dangin cikin jeri na biyu, wanda a wancan lokacin ya sa fitar da fiffike ko nama zuwa wata ƙasa sai da takardar izini.

Hotuna biyar nake ba da shawara, kowanne da tef ko rula a ciki, kyamara a saitin kifin ba a karkace ba: jiki duka daga sama, kai daga sama kusa-kusa yadda goshi da kafofin bayan ido za su fito, fiffiken kafaɗa guda a jiƙe, ƙasan kai daga hanci zuwa tsagogin numfashi, sai fukafukan mara daga ƙasa. A kashe fitilar kyamara, tana wanke ɗigen a jiƙaƙƙiyar fata.

Wanda alamominsa suka ɓace, gwajin ƙwayar halitta ne zai yanke hukunci. Yanki ɗan guntu kamar santimita 1 daga bakin fiffiken mara da sabuwar reza, reza ɗaya kifi ɗaya. Saka shi a ƙaramar kwalba mai murfi da sinadarin itanol mai ƙarfin kashi 95, yawansa ya ninka naman kamar sau 10. Bayan kwana ɗaya a zubar a sake sabo, domin ruwan da naman ya saki yana tsinka na farko, samfurin ya lalace. Kada a sa shi a fomalin, ruwan adana gawa, yana ɓata ƙwayar halittar. Lambar samfurin a rubuta ta da fensir a 'yar takarda a jefa cikin kwalbar, tawadar biro tana narkewa a itanol, kuma lambar nan ita za a rubuta a kati a ajiye gefen kifin cikin dukan hotunan biyar.